Na Kai Raguna Abijan, Na Dawo Bisa Hannuwana

Sunana Laminu. A Dakoro aka haife ni, a nan na tashi, kuma ban san wata sana'a ba sai ta dabbobi. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karatu da ɗan Faransanci na gaisuwa da ciniki, daga nan na koma kasuwar bisashe inda mahaifina ya ƙare rayuwarsa. Shekarar da abin ya same ni ina da mata, Hadiza, da ɗiya mai shan nono, ga tsohuwata Inna a cikin gida. Wani Alhaji mai fataucin raguna ya ɗauke ni cikin 'yan rakiya, mu kai kaya Abijan gabanin babbar salla.

Wanda bai taɓa rakiyar raguna ba yana zaton zaman mota ne kawai. Kamiyon hawa biyu ake yi masa da katako, raguna a sama, raguna a ƙasa, kai kuma kana tsakiyarsu. Rago in ya gaji ya kwanta, 'yan'uwansa za su tattake shi har ya mutu, don haka aikinka ka kutsa ka tashe shi. Fitsarin na sama yana zubo maka a ka. Kowane shinge a tsai da ku, jandarma ya hau ya duba takardu, ya dube ku kamar ku ma cikin kayan kuke. Mun ratsa ƙasar Burkina da tsoro a ciki, ba mai ɗaga murya. Da muka shiga ƙasar da itatuwa suka rufe sama, iska ta yi nauyi, ragunan suka fara tari, mu ma muka kama.

Saura kaɗan mu shiga Abijan, wani babban rago fari ya kwanta a hawan ƙasa. Na sauka, na durƙusa, na kama ƙahonsa. Motar ta faɗa wani rami, na ji ƙarar katako a bisa kaina. Iyakar abin da na sani ke nan. Hawan sama ne ya karye, ya sauko da duk abin da ke kansa.

A asibiti na farka. Na daɗe ina jin ƙaiƙayi a tafin ƙafata ta dama kafin in gane babu ita. Daga cinya aka yanke. Ta hagu tana nan, amma an cika ta da ƙarfe, ta miƙe kamar itace, ba ta lanƙwasawa, ba ta ɗaukar nauyi. Alhaji ya zo sau ɗaya da ledar ayaba. Ya tsaya daga ƙarshen gado, bai ko zauna ba.

"Laminu, ƙaddara ce. Ka yi haƙuri. Bari in saida abin da ya rage, in dawo mu san yadda za a yi."

Ban sake ganinsa ba. Abokan rakiyata sun yi abin da za su iya, amma kowa ya baro iyali, bayan salla suka koma. Su suka kai labari gida.

Ranar salla kuwa ina kwance ina jin kabbara daga nesa. A gadon da ke kusa da ni akwai wani mutumin ƙasar, matarsa take jinyarsa. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni ban san yarenta ba, ina zaton ma ba musulma ba ce. Ta dube ni ta ga ba wanda ya zo mani. Sai ta ɗebo ruwa a roba, ta kama hannuna ta wanke kamar na yaro, ta zuba mani garin rogo da kifi a murfin kwanonta. Har aka sallami mijinta ba ta taɓa cin abinci ba ta raba da ni ba. Ban san sunanta ba har yau.

Da suka buƙaci gadon, suka ce in tafi, in riƙa zuwa wankin miki. Likitan ya ce kada in kuskura in hau doguwar hanya sai an cire ƙarfen, in ba haka ba ƙafar da ta rage ma za ta bi 'yar'uwarta. Ina zaune a barandar asibiti ban san inda zan dosa ba, sai ga wani gajeren mutum mai warin soyayyen kifi yana leƙa fuskokin mutane.

"Kai ne ɗan Dakoro? Ni Issa, mutumin garin Mai Yara. Garin rogo da kifi nike saidawa, wanda su ka ce ma garba nan garin. Tashi mu tahi gida."

Ya faɗi "tashi" kafin idonsa ya kai ƙasa. Ya sunkuya, ya juya mani baya. Na hau.

Unguwar su Issa a jikin tudu take, gidaje bisa gidaje, rufin wannan a ƙofar wancan. Taksi ya ajiye mu a bakin babbar hanya, don mota ba ta shiga. Tsakanin hanyar da unguwar akwai lambatu na siminti, zurfinsa ya fi tsayin mutum, baƙin ruwa yana gudu a ƙasansa. An gitta katako guda a kai, duk mutanen unguwar ta nan suke bi. Issa ya haye da ni a bayansa, katakon yana lanƙwasa, ni kuwa na runtse ido. Daga nan sai matakala, waɗansu an sassaƙe su a jikin ƙasa, waɗansu tsofaffin tayoyi ne da buhunan yashi, kowace da nata tsayi. Ya ajiye ni sau da yawa yana haki kafin mu kai.

Ɗakin da aka sa ni akwai wani dattijo a ciki, Baba Alkasum. Buzu ne na wajen Abalak, ya zo Abijan yana saurayi, ya yi gadin gidajen masu hali har idanunsa suka mutu. Ba ya rabuwa da baƙin rawaninsa da butar shayinsa. Da ya ji an sauke ni, ya miƙo hannu ya shafa fuskata, ya gangara kafaɗata, ya tsaya nan. Bai nemi ƙafar ba.

"Sannu, ɗana. Ka sha shayi da sukari ko ka zama irin mutanen nan?"

A wannan ɗakin na koyi abubuwan da mai ƙafa ba ya lura da su. Dokin ƙofar an ɗaga shi da bulo saboda ruwan sama, sai na juya da baya, na dafa, na ɗaga jikina, sannan na jawo ƙafar da hannu. Makewayi yana can ƙarshen tsakar gida, an ɗora shi bisa matakala, ƙofarsa ƙarama, ƙafata da ba ta lanƙwasawa ba ta barin a rufe. Gidan haya ne mai cike da jama'a, ruwan wanke-wanke da na wanka duk a tsakar gidan yake kwanciya. Cikinsa nake jan jiki da tafin hannuna, hannun da zan ci abinci da shi. In na shiga, mata su juya baya, yara su tsaya kallo. Sai na rage shan ruwa don kada in yawaita zuwa. Na rage abinci. Ba a daɗe ba fitsarina ya koma ja, zazzaɓi ya kama ni. Baba Alkasum ne ya gane, don ya lura butata ba ta raguwa.

"Kai, kunya za ta kashe ka a ƙasar mutane? Sha. In za ka shiga ka gaya mani."

Daga ranar, duk lokacin da zan shiga makewayi, sai ya laluba ya zo ya tsaya a bakin ƙofar, ya buɗe babbar rigarsa, ya zama labule. Yana tsaye yana yi wa matan gidan barkwanci da yarensu, suna dariya, har in gama.

Ranar wankin miki sai Issa ya rufe rumfarsa, ya nemo wani ya taimaka masa, su sauke ni, su maido ni. Na ga abin yana cinye masa sana'a, na fara tsallake ranaku ina cewa ciwon ya yi sauƙi. Ban da wannan ba na zuwa ko'ina. Masallaci yana tsallaken hanya, ina jin kiran salla kamar a kunnena, ina hango koren rufinsa, amma ban taɓa sa goshina a cikinsa ba. Pampo yana ƙasan tudu. Mai shago yana ƙasan tudu. Na ce wa Issa ya samo mani ko goro in riƙa saidawa, ya ce, "Wa zai hawo nan sayen goro?" Gaskiyarsa.

Wurin zamana bakin ƙofa ne. Daga nan ana hango gangaren gaba ɗaya, har lambatun da katakonsa da babbar hanya. Kullum Baba Alkasum zai ɗauki sandarsa ya gangara, yana ƙwanƙwasa kowace taya, ya kai bakin lambatu, ya laluba katakon, ya haye a hankali. Ina bin rawaninsa da ido har ya shige masallaci. In ya dawo ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya zo daga gida, ni kuma in gaya masa abin da na gani: an yi faɗa a pampo, wani ya zame da tiren burodi. A haka muke rage rana.

Abin da ya fi damuna rashin sarari. Mu a Dakoro in ka fita bayan gari, idonka zai tafi har ya gaji bai ci karo da komai ba. Nan kuwa ko'ina bango, ko'ina kwano mai tsatsa. Nakan rufe ido in ga kaina ina kora shanu da safe, raɓa tana jiƙa mani ƙafa, duka biyun. In Hadiza ta kira a wayar Issa, ba ta kuka, sai ta ce, "Yarinya ta hwara tahiya." Sai ta ce, "Ga Inna." Inna ba ta iya magana a waya ba. Numfashinta kawai nake ji, ina cewa, "Inna, lahiya lau nike," har a katse.

Wata rana wani mutum ya hawo da kwat da takalmi mai ƙyalli. Hausa yake yi tsaf, ya ce sunansa Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin masu Faransanci, ɗan ƙasarmu ne, yana aiki da wata ƙungiya mai raba keken guragu kyauta, an ba shi labarina har ya kasa cin abinci. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce in shirya ranar Asabar, in sa riga mai kyau.

Issa ya ara mani riga, ya sake rufe rumfarsa. Aka kai mu wani fili da aka kafa rumfuna. Ban taɓa ganin naƙasassu da yawa haka wuri guda ba, ashe kowane lungu na garin akwai irina a ɓoye. Aka ɗora mu bisa kekuna sababbi, ledarsu ma ba a cire ba. Na dafa ƙafafun keken na tura, ya tafi sumul a kan siminti. Na kai ƙarshen filin na dawo, na sake komawa. Wallahi dariya na riƙa yi ni kaɗai. Baƙi suka zo cikin manyan motoci, aka yi jawabi, aka ce mu tafa, aka ɗauki hotuna, wata ta dafa kafaɗata tana murmushi. Motocinsu na fita, sai ga samari sun zo suna sauke mu. Mushe Sani yana zagayawa yana cewa za a kai kekunan a sa masu lamba, a kawo wa kowa nasa har gida. Wata tsohuwa ta riƙe nata ta ƙi saki, tana ihu da yarenta. Yatsunta suka ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya, suka ajiye ta a ƙasa. Aka loda kekunan a mota, aka kwance rumfunan, aka bar mu a rana.

A hanyar komawa, Issa yana hawa da ni yana haki, ya ce, "Ko sun ba ka, Laminu, ina za ka tuƙa shi? Daga tabarma zuwa ƙohwa?" Yana nufin ya lallashe ni ne. Amma wannan maganar ta fi kwacen keken yi mani ciwo, don ba ƙarya a cikinta.

Saboda haka ranar da wata budurwa ta bayyana a tsakar gidanmu tana tambayar inda gurgun nan ɗan Nijar yake, na juya fuskata bango. Na ce da Faransancina na lakwal, in hoto ne ba na so, in keke ne na gode. Ta ce ba ko ɗaya.

"Ban kawo maka komai ba, kuma ba zan yi maka alkawarin komai ba. Awo na zo yi."

Sai a lokacin na dube ta. Ta jiƙe da gumi sharkaf. Ƙafarta ɗaya siririya ce cikin ƙarfe, ta dogara sanda a hammata. Da kanta ta hawo tudun nan. Sunanta Akissi, 'yar ƙasar ce, shan inna ya kama ta tana ƙarama. Tana karatun tsarin gari a jami'a, kuma aikin da ta zaɓa shi ne ta bi unguwanni ta auna abin da ke hana irinmu fita: tsayin matakala, faɗin ƙofa, ramin da aka bari buɗe. Ta ce in an je ana faɗa da baki, sai a ce tausayi kake nema, amma in ka kai awo, aƙalla ba mai cewa ƙarya ne.

Ta fito da metir irin na magina, mai naɗewa cikin gwangwani. Ta auna dokin ƙofa, ta auna ƙofar makewayi, ta auna ƙafata mai ƙarfe. Sannan ta roƙe ni in yi yadda nake yi kullum, ta gani. Raina ya ɓaci. Na ce ni ba biri ba ne. Ba ta yi gardama ba. Ta jingine sandarta, ta zauna dirshan cikin ruwan tsakar gidan da siket ɗinta mai kyau, ta ce to ita za ta gwada, in gaya mata inda ta yi kuskure. Ta ja jiki ta nufi makewayi, matan gida suna riƙe baki. A matakala ta biyu hannunta ya zame, haɓarta ta bugi siminti. Na ce, "Ba haka ba, juya da baya." Na sauko na nuna mata.

Da muka dawo ta tambaye ni, tun da na zo gidan, ina ne wuri mafi nisa da na je da kaina, ba a bayan kowa ba. Na nuna mata kusurwar da matakalar gangare ta fara, inda nakan je shan iska. Ta ba ni bakin metir na riƙe a gefen tabarmata, ta ɗingisa tana warwarewa. Ta isa wurin, ta tsaya. Metir ɗin bai ko yi rabi ba, sauran yana naɗe cikin gwangwaninsa. Ta duba lambar, ta dube ni, ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ni da na kora shanu da ƙafa daga Dakoro har iyakar Nijeriya. Tun da aka yanke ƙafar ban yi hawaye ba sai a ranar, ina riƙe da bakin metir.

Baba Alkasum ya miƙo mata shayi ya ce in fassara: "Ɗiyata, in kin sauka ki auna katakon can da kyau. Duk duniyata bisa shi take bi." Ta auna. Ta ce za ta kai sakamakon ma'aikatar magajin gari, amma ba ta san ko za a karanta ba.

Bayan 'yan kwanaki ta sake hawowa, ta kawo mani wasu katakai biyu masu mariƙi, an manna masu robar taya a ƙasa. Wani kafinta ta sa ya yi. Da su nake dafa ƙasa, hannuna ya daina taɓa ƙazanta. A duk zamana a Abijan ba abin da aka ba ni da ya kai su.

Sai damina ta kawo kai. Ruwan can ba irin namu ba ne da ake roƙo. In ya sauko kamar an kifar da teku. Wata rana Baba Alkasum ya gangara sallar Azahar, ya ce zai zauna can har La'asar. Bai daɗe da shiga masallaci ba sai ga ma'aikata da shebur suna yashe lambatu, don kada shara ta toshe shi. Aikin kirki ne, kowa yana sa masu albarka. Suka ɗauke duk abin da aka gitta a kai, har katakonmu, suka jefa a motarsu suka yi gaba. Masu ƙafa suka riƙa zagayawa ta can nesa inda akwai gada.

Ina kallo daga bakin ƙofa. Na kira wata maƙwabciya na ce don Allah a aika a gaya wa Baba an ɗauke katako. Ta ce to, bari ta kwashe shanyarta, don hadari ya riga ya rufe gari. Na kira wayar Issa ta wayarta, ba ta shiga. Kafin ta gama kwashe kayan ruwa ya ɓarke. Kowa ya shige ɗaki. Tsakar gida ta cika, ruwa ya fara tsallako dokin ƙofa. Na gaya wa kaina ba zai fito cikin wannan ba, zai jira.

Daga baya mutanen masallaci suka ce sun hana shi. Ya ce masu ya baro yaro a ƙasa, in ruwa ya shiga ɗaki ba mai ɗaga shi.

Na hango baƙin rawanin yana ratso hanya. Lambatun ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shafe bakinsa, ba a gane inda hanya ta ƙare. Na ƙwala masa kira. Ƙarar ruwa a kan kwano ta haɗiye muryata, ni kaina ban ji ta ba. Na tsallake dokin ƙofa, na ja jiki zuwa kusurwar nan, na saki kaina a gangaren. Ban san yadda na sauka ba. Na mirgina, na bugi taya, laka ta cika mani baki, ƙarfen ƙafata ya karkace, ina ihu ina kiran sunansa. Na maƙale a tsakiyar tudu tsakanin wasu buhuna, daga nan ina ganinsa sosai.

Bai yi gaggawa ba. Ya tsaya daidai wurin da ya saba, ruwa a idon sawunsa, ya miƙa sanda yana neman katakon. Bai samu ba. Ya matsa dama kaɗan ya laluba. Ya dawo hagu. Ya ɗaga kai, ya karkata kunne wajen tudu, kamar ya ji wani abu. Ya ƙara taku ɗaya. Sai na ga sandar ta tashi sama.

'Yan pompiye, masu kashe gobara, suka same shi washegari, can inda lambatun yake zubewa a babban ruwa. Ban je jana'izarsa ba. Ƙafata ta kumbura, kuma ba ta inda za a bi da ni. Ina ɗaki ni kaɗai na yi masa addu'a, butar shayinsa tana gefe da sauran ganye a ciki. Kafin mako ya zagayo mutanen unguwa suka samo wani katako suka gitta, irin na da, faɗinsa ɗaya.

Akissi ta ji labari ta zo. Na hango ta ta daɗe tsaye a bakin lambatun kafin ta haye. Da ta iso ta zauna a dokin ƙofa, ba ta buɗe jakarta ba.

"Na auna faɗinsa, na auna tsawonsa," in ji ta. "Ban tambayi kaina abin da zai faru ranar da aka ɗauke shi ba."

Na ce mata ba ita ta ɗauke ba. Da rana ta yi sanyi, ta tashi don ta sauka da sauran haske.

Da aka cire ƙarfen na ce wa Issa ya kai ni tasha, ko zan mutu a hanya in mutu ina fuskantar gida. 'Yan Nijar na unguwar suka haɗa hannu aka sa ni a bis. Issa ya ɗaura mani ƙullin garba, ya ce, "Ka gaida Mai Yara in ka wuce," ya juya da sauri.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Duk tashar da aka tsaya mutane su sauka su kama ruwa, ni in zauna, don ba mai son ɗaukar mutum sau da yawa. A wata iyaka aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa ya nuna takardu. Direba ya ce akwai gurgu a ciki, jami'in ya ce doka ba ta ce ban da gurgu ba. Wani Bamoshe, mutumin Burkina, da ke zaune kusa da ni, wanda tun Abijan bai ce mani uffan ba, ya ajiye jakarsa ya ɗauke ni kamar jariri, ya tsaya da ni a layi cikin rana har aka zo kanmu. A Wagadugu ya sauka, ya ɗaga mani hannu.

Daga Maradi na hau ƙaramar mota. Da itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta buɗe, sai na hango garke a nesa.

Yayana Haruna yana jira a tashar Dakoro. Ya aro keken guragu don ya tarbe ni da mutunci. Muna barin babbar hanya muka shiga layinmu, ƙafafun keken suka nutse cikin rairayi. Ya tura, ya ja, ya ɗaga gaba, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Keken ya ƙi. Ƙarshe ya bar shi nan ya goya ni. Muka ratsa unguwa da rana tsaka, mutane suna fitowa daga zaure suna "Sannu da zuwa, Laminu, Allah shi ƙara sauƙi," waɗansu suna kau da kai. Da na hango ƙofar gidanmu na ce ya sauke ni.

"Rairan da zahi, ƙanena. Saura kaɗan."

"Sauke ni, Yaya. Inna ba ta gani na a bayan mutum ba."

Ya sauke ni. Rairayin yana ƙuna kamar toka. Na dafa, na ja, na dafa, na ja, na ratsa zaure na shiga tsakar gida. Hadiza tana tsaye bakin madafa da yarinya a hannu, ta toshe bakinta da gefen zane. Inna tana zaune bisa turmi a ƙarƙashin itacen bedi. Ta dube ni tun daga zaure har na iso gabanta, ba ta motsa ba, ba ta ce a taimake ni ba. Da na tsaya, sai ta dafa gwiwa ta sauko daga turmin, ta zauna a ƙasa, fuskarta daidai tawa. Ta kama hannuwana ta juya su, ta ga yadda tafin ya yi kanta ya tsattsage. Ta daɗe tana kallo, tana share rairayin da babban yatsanta.

"Hadiza," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba, "kawo mashi hura. Ya sha tahiya."